Guzurin Ƙarƙashin Fata

Masu riƙe da labaran mutanen da can sun ce an yi wata Magajiya a Tudun Marke, sunanta Kandala, mace ce da ba ta san yin abu rabi da rabi ba. Da ciwon suga ya kama ta, mai magani ya hana ta tuwo da fura da zuma. Ita kuwa, da yake ba a fi ta zaƙewa ba, sai ta ƙara da nata: ta kori man shanu da man gyaɗa da kitse daga madafarta, wai duk abin da ke wa baki daɗi abokin ciwon ne. Ta koma tsoka zalla da dafaffen ganye. Kafin damina ta fita wuyanta ya yi tsawo, zobba na suɓucewa daga yatsunta. Tsoro ya shige ta ƙwarai, don ta ga kabari take dosa.

Wata rana da hantsi aka ɗauko ta aka ajiye a inuwa kusa da turke. Tsohuwar taguwarta, raƙumar da ta sha hanyar fataucin gishiri, ta dube ta ta ce, "Ranki ya daɗe, na taɓa ganin irin wannan rama. In kin yi izini, in ba ki labarin Barmo maharbi."

Magajiya ta ce, "Faɗi, ina jin ki."

Taguwa ta ce: "Wata shekara ina cikin ayari, muka iske maharba yashe a bakin hamada, shugabansu Barmo. Gara ta cinye musu geron guzuri, suka ce ai ba komai, ga zomaye. Ƙarshen rani ne, zomayen sun bushe, ba ɗigon maiƙo a jikinsu. Suka yi ta gashi suna ci suna watsar da ƙashi. Ciki ya cika, yunwa na nan, ga zawo ga ciwon kai, ƙato ya kasa jan baka. Barmo ya rarrafo gaban madugunmu Agali ya ce, 'Baba, wane irin asiri aka yi mana?' Madugu ya ce, 'Babu asiri, ɗana. Zauna ka ji yadda kakana ya yi da wani tsuntsu.'

"Madugu ya ce: 'Kakana ya kama wani ɗan tsuntsu a tarko, bai cika tafin hannu ba. Ya tambaye shi ina ya nufa. Tsuntsu ya ce hayin rairayi za shi, can inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Kakana ya yi dariya ya ce, kai ɗan nan, ba ƙwayar gero a hanyar, ba rijiya, raƙuma ma da kaya niƙi-niƙi suke shigarta, ina guzurinka? Tsuntsu ya ce ya hura gashin ƙirjinsa. Ya hura, gashi ya buɗe, sai ga kitse rawaya kwance ƙarƙashin fata. Tsuntsu ya ce, na daɗe ina tara shi, shi nake ci ina sama, daga cikinsa kuma Mahalicci ke fitar mini da ruwa. Kakana ya buɗe tafinsa, ya tsaya yana kallo har tsuntsun ya zama ɗigo ya ɓace. To kai Barmo, kun rasa hatsi, kun kuma zubar da ɓargo, da me kuke so jiki ya yi tafiya?'

"Nan take aka tattaro ƙasusuwa aka farfasa, aka tafasa, madugu ya zuba musu man shanu daga tandunsa. Ba mu bar zangon ba sai da na ga Barmo ya ja baka. Ranki ya daɗe, ƙofa ɗaya aka rufe miki don lafiyarki. Ta biyun ke kika rufe da hannunki."

Magajiya ta ɗaga kai. Idonta ya sauka kan tozon taguwa, wanda duk shekarun nan ta ɗauke shi wurin ɗora sirdi kawai. Ta miƙa hannu ta shafa.

Ta ce, "Wannan ma guzurin ne?"

Taguwa ta ce, "Shi ne. Amma ni ma ba na ɗaukar fiye da abin da hanya ke bukata. A kira mai magani ya faɗa miki gwargwado, don na san halinki, gobe sai ki ce a kawo tandu guda."

Magajiya ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɗaura wa tsuntsu guzuri a ƙirji. Ni kuwa nawa na kora da sanda. Na karɓi maganarki."

Mai magani ya zo, ya riƙe baki da ya ji abin da ta yi wa kanta. Ya sa aka dafa romon ƙashi da zogale, aka yayyafa man shanu. Ta sha a hankali, zufa ta keto mata a goshi. Can ta ture ƙwarya da sauran romo a ciki, ta dubi taguwa cikin mamaki, ta ce, "Na ƙoshi."