Kawo-Hujja da Asibitin Ƙarshen Layi

Akwai wani mai aski da kowa a unguwarsu ke kira Kawo-Hujja, har an manta sunansa na yanka. Shagon nasa kujera ɗaya ne, da madubi mai tsaga a gefe, da bencin masu jira. Hannunsa na da kyau, bakinsa kuwa sai dai a ce Allah ya shirya. Ko cewa ka yi an yi ruwa jiya, sai ya kashe injin aski ya ce, "Wa ya faɗa? Ka gani da idonka? Kawo hujja!"

Kullum kuma shi ke cin musu. Ba don ya fi kowa sani ba. Wa zai ja da mutumin da ya ɗora masa reza a maƙogwaro? Sai ka ce "haka ne" don ka tashi da wuyanka lafiya. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka gaskiyarsa ce ke rufe bakin mutane.

Mahaifiyarsa, Inna, tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa. A ƙarshen layinsu akwai ƙaramin asibiti. Takan dogara sandarta ta je a gwada jininta, a duba ƙafafunta, ta dawo kafin rana ta yi zafi.

Da zaɓen shugaban yankinsu ya matso, sai maƙwabcinsa tela ya zo aski. Matar telan a wannan asibitin take aikin jinya.

Tela ya ce, "Ka ji ɗaya daga cikin 'yan takarar nan ya ce in ya ci zai rufe asibitinmu, a koma babban na bayan gari, a gina shaguna a wurin?"

"Kawo hujja."

Tela ya zaro waya daga ƙarƙashin ƙyallen aski ya nuna masa bidiyo. Ga ɗan takarar a tsaye, yana faɗa da bakinsa.

"Yanzu har muryar mutum haɗawa ake yi."

"Matata fa tana wurin taron, da kunnenta ta ji."

"Matarka aikinta take karewa. Ɗaga haɓa."

Tela ya ɗaga haɓa, reza ta sauka, magana ta mutu.

A makon nan wani ya turo wa Kawo-Hujja saƙon murya. Babu suna, babu fuska. Wani ne kawai yake raɗa cewa shi na kusa da manya ne, an riga an gama rubuta sakamako, duk wanda ya fita zaɓe wahalar banza zai sha. Jama'a, ko sau ɗaya ba a ji ya tambayi wannan murya hujja ba. Maganar ta yi masa daɗi, don ta ɗauke masa tsayuwar layi cikin rana, ta kuma mayar masa da lalaci wayo. Duk wanda ya hau kujera sai ya kunna masa, duk wanda ya kunna wa sai ya ce "haka ne".

Ranar zaɓe ya tarar da Inna a bakin ƙofa, ta yafa mayafinta, ga katinta a hannu. Rumfar zaɓen na da nisa, gwiwa ba za ta kai ta ba.

"Ɗan nan, ɗora ni a babur ɗinka in je in dangwala. An ce asibitinmu za a taɓa."

"Haba Inna, an gama komai tun tuni. Ki huta abinki."

Ta cire mayafin ta koma ɗaki. Shi kuwa ya buɗe shago. Ran nan benci bai isa ba, har a bakin kwata aka zauna ana yi wa masu tafiya rumfa dariya.

Mai rufe asibiti ne ya ci. Tazarar da ya ba abokin karawarsa ba ta kai yawan waɗanda suka wuni a ƙofar shagon ba. Tela kuwa ya koma aski wani wuri.

Da aka garƙame asibitin, zuwa bayan gari ya zama aiki: hawa mota, sauka, dogon layi. Inna ba ta son ɗora wa ɗanta nauyi, sai ta riƙa cewa ta ji sauƙi. Wani ɗan ƙurji ya fito mata a ƙafa, ta ɗaure da tsumma ta yi shiru. Kafin a farga, an kai ga yanke mata yatsun ƙafa. Likita ya ce da ana duba ta a kai a kai, da ba a kai nan ba.

Kawo-Hujja ya zauna a gefen gadon, ya kasa ɗaga ido daga bandejin. Kunya da nadama suka cika masa ciki.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ba faɗa zan yi ba. Wannan da ya ce maka an gama komai, ɗan gidan wa ne?"

"Ban san shi ba, Inna."

"Ka taɓa ganinsa?"

"A'a."

"To shi tela fa, ai tare kuka tashi."

Yau babu reza a hannunsa. Ya kifa kansa a bakin gadon ya yi kuka.

Darasi: Mudun da ka auna maganar da ba ka so, da shi za ka auna wadda ta yi maka daɗi. Kada ka yarda da muryar da ba ka san mai ita ba har ta zaunar da kai a gida ranar zaɓe, domin in ka ƙi fita, wani na kusa da kai ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wannan abokin naku mai cewa "ai an riga an gama".