Gudumar da Ta Fi Ƙarfin Magagari

Akwai wani maƙeri da abokan sana'a ke kira Gagarau, saboda taurin gudumar da yake ƙerawa. Rumfarsa ta kwano ce a ƙarshen layin masu walda, ga murhun gawayi, ga uwar maƙera a tsakiya, ga rabin duro cike da ruwa a gefe. Daga tsofaffin ƙarafan manyan motoci yake fitar da gudumominsa.

Hanyar aikinsa ɗaya ce. Idan ƙarfe ya yi jawur sai ya tsunduma shi a ruwa, ya ɗauko magagari ya goga masa. Idan magagarin ya zame bai ci komai ba, sai ya dubi mai saye ya ce, "Ka gani ko? Magagari ma ya sallama."

Yana da ƙanwa da kowa ke kira Auta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ya kai ta makarantar fasaha. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin ƙarafa, inda ake auna taurin ƙarfe kafin a yi amfani da shi.

Wata rana wani kamfanin fasa dutse ya ba Gagarau aikin gudumomin ma'aikatansa, aikin da ya daɗe yana fata. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: sai an gwada taurinsu. Idan ba su ci gwajin ba, aikin ya koma hannun wani.

Da ya ji ɗakin gwajin su Auta aka zaɓa, sai ya yi dariya. Ya saɓa buhun gudumomi ya tafi.

Auta ta tarbe shi cikin farar rigar aiki. Ta ɗauki guduma ɗaya, ta goge wani ɗan wuri a fuskarta har ya yi sheƙi, ta ɗora ta a kan na'ura. Na'urar tana da ɗan tsini mai tsananin tauri da take dannawa a jikin ƙarfe da nauyin da aka sani. Idan tsinin ya nutse sosai, ƙarfen mai laushi ne. Idan da kyar ya bar alama, mai tauri ne, allurar agogon na'urar kuma ta nuna lamba babba.

"Ki riƙe na'urarku da kyau," in ji Gagarau, "kada ta karye ku ce ni ne."

Allura ta haura. Auta ta sake gwadawa a wani wurin, ta ɗauko wata gudumar ta gwada. Sai ta dubi yayanta.

"Yaya, taurin ya wuce iyakar da suka nema."

"Madalla! Rubuta musu haka."

"Ba yabo ba ne, Yaya. Ƙarfe idan ya yi tauri irin wannan, ba ya lotsewa, ɓantarewa yake yi. Ba zan iya sa hannu ba."

Fuskar Gagarau ta canza. "Ke Auta! Ni da na goya ki a bayan nan? Yau ke za ki koya mini ƙarfe?"

"Ba zan iya koya maka ba. Amma masu riƙe gudumar nan a sunkuye suke aiki, idanunsu na kusa da dutse."

Ya kwashe kayansa ya fita ko sallama babu.

A gida ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Inna tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To ai da an ɗora kanka a kan na'urar, da mun san lambar taurinsa."

Matarsa ta ƙunshe dariya ta shige ɗaki.

Auta ba ta yi fushi ba, ba ta kuma aika wa kamfanin sakamako ba, domin wa'adin da suka bayar bai cika ba. Ranar hutunta ta je rumfar da safe, ta gaishe shi da ladabi. Ya amsa a daƙile. Ta naɗe guduma ɗaya a cikin tsohon buhu, ta ce, "Don Allah Yaya, buga gefenta a kan uwar maƙera, irin bugun mai fasa dutse."

Ya buga da ƙarfi don ya kashe bakinta. Aka ji ƙas! Da aka warware buhun, sai ga ɓantaren ƙarfe kamar farce, bakinsa kamar reza, ya huda buhun ya maƙale.

Gagarau ya ɗauke shi, ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa.

"Lokacin da Baba yake ƙira, yana mayar da ƙarfe wuta bayan ya tsoma shi a ruwa," ya ce a hankali. "Wuta kaɗan-kaɗan, yana kallon launi yana tafiya a jikinsa. Na iya. Na bari ne don idan an yi haka magagari yana ɗan ci, mutane kuma sai su ce ta yi laushi."

"To ni ban san launi ba, lamba na sani," in ji Auta. "Ka yi mini kala-kala, in gaya maka wadda ta dace."

Haka suka yi. Ya goge fuskokin wasu gudumomi, ya ɗora su a gefen garwashi. Ɗaya ya cire ta tana launin busasshiyar ciyawa, ɗaya da ta koma ruwan ƙasa, ɗaya sai da ta yi shuɗi. Auta tana zaune a kan benci tana fifita da kwali, yana tsokanarta cewa ma'aikatan ofis ba su san zafi ba.

Washegari ta gwada su. Ta farko har yanzu ta yi tauri, mai shuɗin ta yi laushi, mai ruwan ƙasa kuwa ta tsaya daidai tsakiyar abin da ake nema. Gagarau ya mayar da sauran duka wuta a kan wannan launi. Auta ta gwada, ta sa hannu da zuciya ɗaya, aikin ya tabbata nasa.

Bayan an kwana biyu, shugaban masu fasa dutsen ya biyo ta rumfar, dattijo ne mai ido ɗaya. Ya ce, "Maƙeri, gudumarka ba ta tofar da ɓantaren ƙarfe. Yarana suna aiki hankali kwance." Ya nuna idon da ya mutu. "Wannan, wata mai tauri ce ta ɗauke shi tun ina saurayi."

Da dattijon ya tafi, sai Gagarau ya wanke hannu, ya kira Auta a waya.

"Malama Auta, kin tashi daga aiki? Tsaya nan, ni zan zo in ɗauke ki."

Darasi: Tauri kaɗai ba shi ne inganci ba, a ƙarfe ko a halin mutum. Idan na ƙasa da kai ya faɗa maka gaskiya, ka saurara. Idan kuma kai ne mai faɗar gaskiyar, kada ka tsaya a kan "a'a", ka zauna a gyara tare. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila wani yana bukatar jin wannan a yau.