Ɗakin Kwalabe na Bande

Akwai wani mutumin Bande mai suna Ado, wanda labarinsa ya dace ku karanta a natse, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi.

A shekarun babban yaƙin Turawa na biyu, jiragen ruwa suka daina zuwa daga Faransa, kinin, maganin zazzaɓin sauro, ya yi wuya a ƙasar Damagaram. Ga zazzaɓin damina yana ɗibar yara. Sai aka turo wani Nasara mai haɗa magani. Ya gina ɗaki a bayan gari, ya cika shi da kwalabe, da ƙaramin sikeli, da madubin da ake ganin ƙwayar cuta a cikin jini. Mutanen gari suka sa masa suna Mushe Kwalaba, don “Mushe” ake kiran Bafaranshe.

Abin da yake nema shi ne ya ware ɗacin da ke cikin ɓawon maɗaci, ya auna ƙarfinsa, ya ga ko zai iya tsayawa a madadin kinin.

Ado ne ya fara shiga aikin, don ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, kuma Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Da aiki ya yi yawa, shi da kansa ya kawo Dalhatu, ɗan ƙanin babansa, wanda suka yi aji ɗaya.

Ado mai sauri ne, ba ya son jira. Dalhatu kuwa zai zauna tun hantsi har la'asar yana tace jiƙon ɓawo ɗigo-ɗigo, bai ko muskuta ba. In abin ya lalace sai ya wanke kwalabe ya sake.

Wata safiya aka ga wani farin gari mai ƙyalli ya kwanta a gindin tasar Dalhatu. Mushe ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya kama hannun Dalhatu yana girgizawa kamar zai cire shi. Ranar ya ba shi farar riga da mabuɗin ɗakin, ya ce in yaƙi ya ƙare zai kai shi Dakar ya ƙaro ilimi.

Ado yana tsaye da turmin daka ɓawo a gabansa. Ya ce, “Barka, ƙanena.” Amma ko ɗago ido bai yi ya dube shi ba.

Da ya koma gida, matarsa Hinda ta ce, “Maigida, ka ga Dalhatu kuwa? Farar rigar nan ta karɓe shi ƙwarai.”

Bai ci tuwo ba ranar.

Tun daga nan kome na Dalhatu ya zama masa ƙaya. In Dalhatu ya gaishe shi, sai ya ji kamar gori ne. In ya ji ƙarar mabuɗi a aljihunsa, sai ransa ya ɓaci. Yakan ce a zuciyarsa: ni na kawo shi, ni na nuna masa yadda ake riƙe kwalaba, yau ni ne mai daka masa ɓawo.

Ran kasuwa ya je aski wurin Gajere wanzami, mutumin da magana ba ta kwana a bakinsa. Gajere ya ce, “Wai ni Malam Ado, jinin nan da kuke ɗiba a yatsun yara, me ake yi da shi?”

Ado ya sani sarai ɗigo ɗaya ne ake shafawa a gilashi don a ga ko akwai cutar. Amma ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, “Ni dai ba ni ke riƙe da mabuɗi ba. Ka tambayi wanda ake kulle ƙofa da shi. Ka taɓa ganin an ba mutum riga da Dakar a banza?”

Kafin kasuwa ta watse, magana ta zama Dalhatu yana tara jinin yara yana sayar wa Nasara. Kafin sati ya zagayo ta kai Waca, ta kai Guci, har an ƙara da cewa farin garin nan ƙashin mutane ne.

Iyaye suka daina kawo yara. Gidan da Dalhatu ke neman aure suka mayar da kayansa. In ya shiga sahun salla, sai na kusa da shi ya ja jiki.

Dalhatu ya zo wurin Ado idanunsa jajur. “Yaya, kai ka san abin da muke yi. Kai ake jin maganarka. Don Allah ka faɗa musu.”

Ado ya ce, “Ka yi haƙuri, zai wuce.” A ransa kuwa wani sanyi ya ji.

Damina ta yi nisa, sauro ya cika gari. Sai zazzaɓi ya kama Nafi, 'yar Ado tilo. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ta fara fizge-fizge. Ado ya sunkuce ta zai fita, Hinda ta tare ƙofa.

“Ina za ka kai ta?”

“Wurin Dalhatu. Akwai sauran kinin a ɗakin.”

“Wallahi sai dai ka bi ta kaina! Su shanye mini jinin 'ya?”

“Hinda, ƙarya ce.”

“Ƙarya? Gajere ya ce daga bakinka ya ji!”

Ado ya durƙusa da yarinyar a hannu. “Daga bakina ne. Ni na ƙirƙira. Baƙin ciki nake yi da shi.”

Hinda ta karɓe Nafi daga hannunsa, ta goya ta, ta wuce gaba, ya bi bayanta.

Da suka isa, Dalhatu ya buɗe ɗakin nan take. Ya soki yatsan yarinyar, ya duba a madubi, ya auna kinin a sikeli, ya ɗura mata. Ya zauna yana shafa mata ruwa a goshi har zafin ya sauka. A nan Hinda ta faɗa masa gaskiya, a gaban mijinta.

Dalhatu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Yaya, da ka ce mini kana son rigar, ai da na cire na ba ka.”

Nafi ta warke. Ranar kasuwa Ado ya tsaya a rumfar Gajere, ya ɗaga murya ya ce duk abin da ya faɗa ƙarya ne. Wani dattijo ya yi dariya ya ce, “Allah sarki, shi ma sun saye shi.”

Babu wanda ya yarda. Ba a daɗe ba wasu samari suka yi wa ɗakin ruwan duwatsu, kwalabe suka tarwatse, farin garin da aka sha wahala a kansa ya bi ƙasa. Mushe ya ɗaure sauran kayansa a mota ya bar Bande, Dalhatu ya bi shi. Binciken bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya san iyakar abin da zai haifar.

Ado ya rasa aiki, ya koma noman gyaɗa. Da Dalhatu ya bar gari, sai mutane suka tuna cewa shi ma Ado a ɗakin yake aiki. Suka riƙa kiran gidansa gidan masu jini. Har ya tsufa, in ya miƙa wa yaro dabino, sai uwar ta fizge hannun ɗanta.

Darasi: Hassada ba ta mayar da rabon wani ya zama naka, sai dai ta lalata nasa da naka da na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kuma ƙaryar da ka saki da baki ɗaya, ko ka rantse ba za ka iya janye ta ba. In ɗan uwanka ya ci gaba, yi masa barka har cikin zuciya. Ku tura wa wasu wannan labari, wataƙila ya tsayar da wani harshe kafin ya yi ɓarna.