Kofi Mai Jan Zare

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, malaminmu, Allah ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne a fiƙihu da tafsiri, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar karatu a bayan labulen mata a zaurensa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A lokacin da wannan abu ya faru idonsa ya riga ya tafi, sai an riƙe masa hannu. Na nemi izinin yayata kafin in rubuta, ta ce in faɗi duka, har da nawa laifin.

Yaya malamar firamare ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma a gidana take zaune tun da mijinta ya rasu. Sankarar bakin mahaifa ta kama ta, aka yi makonni ana kai ta asibiti ana yi mata gashi da na'ura, har ranar da likitarta ta duba hoto ta ce ba ta ga sauran ciwo ba. Muka yi ta hamdala, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Fitsari ya daina jiranta, ciki ya riƙa murɗa mata ya tsinke ba shiri, ga gajiyar da ko tsefe kanta ba ta iyawa. Matar da ke tsawata wa aji guda da ido kawai ta koma wankin zane sau huɗu a yini, tana shanyawa a cikin ɗaki don kada a gani.

Ni kuwa ina ɗauke da cikin wata bakwai, na fari bayan shekara tara ina jira. Sai matar mai kanti ta ja ni gefe ta ce zafin na'urar nan ba ya barin jikin mutum, wai in mai ciki ta haɗa kofi da wanda aka gasa, ɗan zai lalace. Tsoro ya rufe mini ido, ban tambayi kowa ba. Na tsinko jan zare daga kekena na ɗinki na ɗaura a hannun kofin Yaya, na daina shiga ɗakinta, sai in ajiye abinci a kan kujera a bakin ƙofa in ƙwanƙwasa. Ta ga zaren, ta ci gaba da sha da kofinta.

Da farko nakan ji ƙarar famfo a banɗakinta, tana alwala tana sakewa, tana sakewa. Daga baya na daina ji, ni da wautata na ɗauka sauƙi ne ya samu. Abinci ya fara dawowa yadda na ajiye shi. Kullum da safe sai in tsaya in kasa kunne a jikin ƙofa har sai na ji ta yi tari. Wata rana na ji ta ce daga ciki, "Auta, da ma ciwon ya tafi da ni." Na riƙe cikina na koma kicin na yi kuka, amma wallahi ban buɗe ƙofar ba. Maigidana direban babbar mota ne, yana hanya, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa, har Malam.

Ranar wata Laraba bayan la'asar aka yi sallama, na leƙa sai ga Shehinmu, Allah ya ja kwanansa, uwargidansa na riƙe da hannunsa, alhali bai taɓa taka gidanmu ba. Na shimfiɗa masa darduma, ya ce a ba shi ruwa, na kawo a kofin gilashi na baƙi. Bai miƙa hannu ba.

"Ba wannan ba, 'yata. Wanda kika ɗaura wa jan zare. Yana kan taga a ɗakin baya."

Babu yadda zan ɗauko shi sai na shiga, na kuwa shiga. Na ga ledar da ta shimfiɗa a kan katifa, da zannuwa a kan igiya, da sallayarta a naɗe can saman kwaba ta yi ƙura. Na ga Yaya a zaune a ƙasa, ta rame har wuyanta ya fito, tana ja da baya don kada zanena ya taɓa ta.

Na ɗauko kofin na zuba ruwa na kai masa, Malam ya yi bisimilla ya sha rabin ruwan, sannan ya miƙo mini sauran ya ce in sha. Na tsaya da kofin a hannu, ɗan da ke cikina yana motsi, zuciyata na cewa shekara tara fa. A hankali ya ce, "Wutar da likita ta kunna, a ɗakinta ta kashe ta, ba ta biyo kowa gida ba. Gobe ki tambaye ta." Na runtse ido na shanye.

Daga nan uwargida ta kai shi bakin ƙofar ɗakin, ya tsaya daga waje ya ce, "Baiwar Allah, yau kwana ashirin da uku." Yaya ta fashe da kuka. Sai daga baya ta faɗa mini cewa kwana ashirin da uku ke nan cif da ta bar salla, don tana ganin ita najasa ce, alwala ba ta zama a jikinta, kuma babu mahaluƙin da ya san haka.

"Abin da ke zuba ba da ikonki ba, ya lizimce ki yawancin yini, ba ya karya alwala," in ji Malam. "Wanda ya jarrabe ki ya san jikin da ya ba ki. Tashi, la'asar ba ta fita ba. Gobe Auta ta raka ki asibiti, ki faɗa wa likita abin da kika ɓoye mata." Ni na hau kujera da tsohon cikina na sauko da sallayar, na kakkaɓe ta.

Likitar ta tabbatar da maganarsa, ta yi mini faɗan da na cancanta, ta ba Yaya magani ta koya mata motsa jiki na riƙe fitsari. Ba zan ce ta warke sarai ba. Har yau da zanen canji a jakarta, kuma ta roƙi a ba ta ajin da ke kusa da banɗaki. Amma ta koma aiki, kuma da na haihu, hannunta aka fara miƙa wa jaririyar. Na so in tsinke zaren nan ta hana, ta ce a bar shi, ai kofin manya ne, kuma da shi take ba 'yata ruwa tun da aka yaye ta.

Allah ya saka wa Shehinmu da mafificin alheri, ya ɗaukaka darajarsa, ya sa mu dace da albarkarsa duniya da lahira. Wanda ya karanta wannan, ya roƙa wa Yaya cikon lafiya, ni kuma ya roƙa mini gafarar kwanakin da na bar ta a bayan ƙofa.