Injiniya da Firjin Yayarsa

Akwai wani injiniyan kwamfuta da girman kai ya yi wa katutu. Ku bar ni da shi, har yanzu raina a ɓace yake.

Yayarsa tana da kemis, kuma a firjinta ake ajiye allurar masu ciwon suga, wadda zafi ke lalatawa. Sai ya ce zai haɗa mata na'urar sa ido da hannunsa. Ya kawo wata 'yar kwamfuta ya girke a ƙasan kantar shagon, tana auna sanyin firjin, da zarar ya fara ɗumi ta tura masa saƙo a waya.

Aikin ya yi kyau, ban hana shi ba. Amma a layin wuta ɗaya ya jona kwamfutar da firjin.

Dattijon da ke yi musu gyaran wuta ya leƙa ya ce, "Injiniya, raba su mana. In layin nan ya ƙone, wa zai sanar da kai?"

Ya dube shi a sheƙe. "Baba, kai dai ka tsaya a kan ƙwan fitila. Wannan ba fanninka ba ne."

Dattijo ya naɗe wayoyinsa ya fita.

Bayan wata biyu Yaya ta rufe shago kwana uku, ta tafi jinyar surukarta. Kullum sai ta kira ƙanin nata. Shi kuma ko taka ƙafa shagon bai yi ba, yana miƙe a kujera yana cewa, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ba saƙo, ba matsala."

Ashe tun ranar farko layin ya ƙone. Firji ya mutu, kwamfutar da ke gadinsa ma ta bi shi.

Da ta dawo ta buɗe firjin, ɗumi ne ya bugi fuskarta. Ta kira shi ya zo, kuma wai bakinsa bai mutu ba. Yana nuna mata waya yana cewa ai tsarin bai turo komai ba.

"Rufe min baki," in ji ta. "Gawa ce za ta bugo maka waya ta ce ta mutu?"

Suna cikin haka sai ga wani tsoho ya shigo yana dogara sanda. Mota biyu yake hawa kafin ya iso nan, kuma allurarsa ta ƙare tun jiya.

Yaya ta juye kwalaben allurar a kwandon shara, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Ta ce wa ƙaninta, "Ga shi nan. Kai za ka faɗa masa."

Tsohon ya dubi kwandon ya ce, "Ɗana, to yau ina zan je?"

Darasi: Shirun na'ura ba shaidar lafiya ba ce, ka raba mai gadi da abin da yake gadi, kuma ka riƙa zuwa ka gani da idonka. Kada karatu ya sa ka raina wanda ya girme ka a aiki. Ku tura wa wannan abokin naku da ba a gaya masa ya ji.