Hasumiya a Kan Kududdufi

An ce wani sarki ya so ya gina hasumiyar da matafiyi zai hango tun daga tafiyar yini. Wurin da ya zaɓa kuwa tsohon kududdufi ne, ba a daɗe da cike shi ba. Sarkin magina, Jatau, ya roƙa a bar cikon ya sha damina uku ya kwanta, yadda magina suka gada kaka da kakanni. Ina! Sarki ya ce shi ba a haife shi don jiran ƙasa ba. Aka yi gini, kafin shekara ta kewayo hasumiya ta karkata, ta tsage tun daga gindi. Sarki ya hasala, ya sa aka ɗaure Jatau, ya ce gobe a sare hannunsa.

Washegari da hantsi sai ga Tabawa, wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta shigo fada ɗauke da curin ɗanyen yumɓu a akushi. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce shaida ta kawo, in an aza masa dutsen niƙa zai yi magana. Fadawa suka bushe da dariya. Sarki ya yarda, don dai ya ga iyakar wautarta.

Aka aza dutse. Da fari shiru, kai ka ce tsohuwa ta sha kunya. Can sai ruwa ya soma tsattsafowa, curin yana lotsawa, dutse ya kwanta gefe guda.

Sarki ya tambaya daga ina ruwan, alhali ba wanda ya zuba. Tabawa ta ce da ma yana ciki, shi da iska ne suka kumbura yumɓun. Nauyi ya kore su, yumɓu ya ragu, gefen da ya fi jiƙa ya fi nutsewa.

Sa'an nan ta ce, "Ya sarki, ga masu laifi biyu. Wa za a hukunta, yumɓun da ya lotsa, ko dutsen da ya danne?"

Sarki ya ce, "Ko ɗaya. Laifin wanda ya ce a aza ne."

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, shaidata ta gama."

Kunya ta lulluɓe sarki, ya daɗe yana duban akushin nan. Ya sa aka kwance Jatau, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya ce a rushe hasumiya a jira damina uku. Ya juya ga fadawa ya ce, "Kafin a doki wanda ya durƙushe, adalci ya fara tambayar wanda ya aza masa kaya."