Editan da Bai Kai Shafi na Uku ba

Akwai wani tsohon mai fassara a wani gidan rediyo, shekararsa ashirin da bakwai yana juya labaran Turanci zuwa Hausa. Abokan aikinsa suna kiransa Baba Ƙamus. Ba ya ɗora biro a kan takarda sai ya karanta labari har ƙarshensa.

Yakan ce, "Kalmar Turanci ba ta da amana. Wadda ake cajin waya da ita, da ita ake tuhumar mutum a kotu, da ita kuma soja ke afka wa abokan gaba. Sai ka kai ƙarshen labari za ka san wace riga ta sako yau."

Sai aka kawo sabon edita, matashi mai digiri biyu, Turanci a bakinsa kamar an buɗe famfo. Ilimi kam akwai shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma girman kan ya fi ilimin yawa.

Kullum sai ya dizga tsohon a gaban ma'aikata. "Baba, kafin ka gama lalube, wasu tashoshin sun ba da labarin, har an manta da shi."

Baba Ƙamus sai ya gyara tabarau ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe."

Wata rana, saura minti goma a fara labaran sha biyu, rahoto ya shigo daga kotu, shafi uku. A kan wani hedimasta ne da aka yi wata takwas ana zarginsa da sayar da takardun jarrabawa. Duk gari an san maganar, kuma ranar ce aka yanke hukunci.

Baba ya ce, "A ba ni minti biyar in kai ƙarshe. Sunan mutum ne a ciki."

Edita ya fizge takardun. "Sunan mutum! Ni da na karanci aikin nan a jami'a kake koya wa?"

Ya duba shafin farko, inda aka jero zarge-zargen lauyan gwamnati. Ya shige situdiyo, ya fassara da ka, ya shaida wa duniya cewa hedimasta ya sayar da takardun jarrabawa, da cikakken sunansa da na makarantarsa.

Baba ya tsinci sauran shafukan a kan tebur. A shafi na uku alƙali ya wanke hedimastan tas, ya ce ƙazafi aka yi masa. Da gudu tsohon ya je yana buga gilashin situdiyo. Edita ya ɗaga masa hannu, wai kada ya dame shi.

An gyara labarin da yamma, cikin jimla biyu. Amma wa ya ji? Na farkon ne ya zaga gari.

Washegari manaja ya sauke editan daga kujerarsa, ya ce ya je ya ba da haƙuri da bakinsa. Duk abokan shan shayinsa suka zame. Baban nan da yake rainawa shi kaɗai ya raka shi.

Suka tarar da hedimastan zaune a ƙofar gida, ya rame sai idanu. Edita ya durƙusa yana kame-kame.

Hedimasta ya ce, "Tashi, ɗana. Ni wata takwas nake shan zagi, na saba. Amma mahaifiyata shekararta tamanin, kuma tun da aka fara shari'ar nan ba ta taka ko ƙofar gida ba saboda kunya. Jiya daga kotu na sheƙo gida, ban gaya mata komai ba. So nake ta ji daga bakinku, yadda kowa zai ji. Na ce, 'Inna, saurara ki ji abin da za a faɗa a kan ɗanki.'"

Sannan ya ƙara da cewa, "Tana asibiti, har yanzu ba ta yi magana ba. Kuma ni na kunna mata rediyon da hannuna."

Darasi: Kada ka yaɗa labarin da ba ka kai ƙarshensa ba, kuma kada takardar makaranta ta sa ka raina wanda ya tsufa a kan aiki. Minti biyar ɗin da ka ƙi jira, wani zai iya ƙare rayuwarsa yana kuka da su. Tura wa duk wanda ka san kanun labari kawai yake karantawa ya watsa.